Watan da Accra Ke Rage Murya

Accra birni ne da ba ya raina hayaniya: ga hon ɗin motocin trotro, ga lasifikar masu wa'azi a bakin titi, ga kiɗan makoki har dare. Amma kowace shekara, tsakanin Mayu da Yuni, sai garin ya yi tsit na wata guda.

Ƙabilar Ga, masu garin, su ke sa wannan doka bayan shukar gargajiya, kafin bikin Homowo na tuna yunwar da kakanninsu suka tsallake. Hukumar birnin kan mara musu baya: ba kiɗa, ba wa'azin titi, coci da masallaci kowa ya mayar da lasifikarsa ciki. A Sabon Zango, unguwar Hausawa, na ga mai jego tana barcin rana taga a buɗe, abin da ta ce sai a wannan watan take samu. A asibiti mun san darajar irin wannan barci ga jariri da mai hawan jini.

Ba da sauƙi aka kai nan ba. A ƙarshen shekarun 1990 an yi ta arangama tsakanin 'yan gargajiya da wasu coci-coci. Shi ya sa yanzu jami'an hukuma da 'yan sanda da wakilan sarakuna kaɗai ke da ikon tsawatarwa. Maƙwabci nasa kai ƙara ne kawai.

Iyaye mata, in janareto ko DJ ya hana yaranku barci, wa kuke kai wa kuka a unguwarku?