Na Ga Kekena, Amma Ba Shaida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan. Ran Juma'a aka sace mini keke a ƙofar masallaci. Bayan kwana 6 ƙanena ya nuna mini hotonsa cikin waya, ana tallansa a kasuwar intanet, wai yana birnin Kano. Na shaida shi da ɗinkin sirdi.

Da na kai ƙara, ɗan sanda ya ce, "Malam, ina rasit? Ina lambar jikin ƙarfen? Ɗinki ba hujja ba ne gaban alƙali." Ga ni akawu, kullum cikin rubuta lambobin mutane, amma ban rubuta tawa ba! Kafin gari ya waye mai tallan ya share hoton, sunansa kuwa na aro ne.

Yanzu da ƙafa nake zuwa ofis.

Naka,
Wani Akawu, Kademi, ƙasar Gaya.