Hutu da iyali a Zanzibar: abin da hoton otel ba ya nunawa

Mu mutanen Matameye mun san tafiya. Akwai ta Makka, akwai ta fatauci zuwa Kano ko Damagaram, akwai ta neman magani, akwai cin ranin da samarinmu ke zuwa har Libiya da Aljeriya. Amma mutum ya kwashi matarsa da ƴaƴansa ya kai su bakin teku don su huta kawai, wannan baƙon abu ne, masu yinsa kuma ƴan kaɗan ne: ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, ko ma'aikacin da ya daɗe yana tari. Duk wanda ya kai ga haka ya cancanci a gaya masa gaskiya kafin ya zuba kuɗinsa, domin ba da shi aka yi tallar manyan otel-otel na tsibirai ba. An tsara ta ne don ango da amarya daga Turai, waɗanda suka iya iyo tun suna ƙanana, ba su da goyo, ba su da zancen sutura. Uban yara da ya fito daga ƙasar da ba ta da teku, tambayoyinsa daban suke.

Kafin mu tsai da shawara a kan Zanzibar mun duba tsibiran Maldibs, tunda su ma ƙasar Musulmi ce. A can al'adar ita ce kowane babban otel ya riƙe tsibiri guda shi kaɗai, ɗakunan da aka fi yayi kuma an kafa su ne a kan turaku cikin ruwa, da matakala mai gangarawa kai tsaye cikin teku. Mai yaro ɗan tatata ba zai runtsa ba a irin wannan ɗaki. Ga shi babu kasuwa, babu gari, ko ruwan sha sai a farashin otel. Zanzibar kuwa gari ne mai mutane. Manyan tsibiranta biyu ne a Tekun Indiya, Unguja da Pemba, kuma tun 26 ga Afrilu 1964 ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Ko daga ɗakin otel kana jin kiran sallar asuba daga masallacin ƙauye.

Takardu sai a fara da wuri. Ƴan Nijar da ƴan Najeriya ba a buga musu bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewa, don haka a ba abin kamar wata biyu. Ana tambayar katin allurar shawara, na babba da na yaro. Tun Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga kowane babba. Daga Matameye, Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba: a bi ta Ɗan Barto da Daura, a hau jirgin Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, a sake wani zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume. Sefa ba ta ci a can, sai a tafi da dala ko yuro a canza, dalar ma sabuwar takarda. Lokaci kuwa ya yi mana daidai. Babban hutun makaranta na daminarmu ya faɗo cikin watannin da Zanzibar ta fi sanyi da bushewa, daga Yuni zuwa Oktoba. Bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, ita ce lokacin ruwansu mai yawa, shi ya sa farashi ke karyewa a lokacin. Kada arhar ta ja mai yara.

Abin da ya fi komai muhimmanci wajen zaɓen otel, wanda kuma babu hoton da zai nuna maka shi, shi ne cikowar teku da janyewarta. Sau biyu a yini da dare ruwa yakan ciko, sau biyu yakan janye, kuma kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Abin ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A gabashin Unguja, wato Matemwe, Kiwengwa, Paje da Jambiani, akwai katangar duwatsun murjani can nesa da gaɓa, tsakaninta da gaɓar kuma fili ne marar zurfi. Idan ruwa ya janye a nan, yakan tafi har ka riƙa hango shi can nesa, ya bar farin rairayi da ƴan ƙananan kududdufai. Wanda ya biya miliyoyi don ya yi iyo da hantsi zai iya fitowa ya tarar babu tekun. A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangare, ruwa yana nan kusan kowane lokaci.

Jin haka, mutum zai ce arewa ta fi. Ga mai samari da ƴanmata da suka iya iyo, haka ne. Amma ni da na ga wuraren biyu, ina ganin mai ƙananan yara irin namu gabas ta fi masa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san labarin yaron da tabki ya ci a damina, kuma yaranmu ba su san ruwan da ke ja da ƙafa ba. A arewa taku kaɗan ne ruwa ya kai wa yaro wuya, ga jiragen ruwa na kai da komo, ga cinkoso, ga kiɗa har tsakar dare, musamman a Kendwa daren da wata ya cika. A gabas, sa'ar da ruwa ya janye, yara sun sami filin wasa da ba su taɓa gani ba: ƙananan kifaye a kududdufi, ƙaguwa, katantanwa iri-iri. Sai dai a saya musu takalmin roba, saboda bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa. Kuma kullum da safe a duba allon da otel ke rubuta lokutan ruwa, domin idan ya tashi dawowa yakan fara cike kwaruruka ne, ya zagaye wanda ya yi nisa ta baya. Paje tana da iska da hayaniyar matasa masu wasan da babbar lema ke jan su a kan ruwa. Jambiani da Matemwe sun fi natsuwa.

Saboda haka kafin a biya ko dala ɗaya, a rubuta wa otel a tambaya, kuma a nemi amsa a rubuce. Shin akwai mutumin da aikinsa kawai ya sa ido a kwamin ninkaya, ko kuwa mai raba tawul ne ake kira mai ceto? Akwai kwamin yara daban, marar zurfi? Idan za a fita da jirgin ruwa, akwai rigar ceto daidai jikin yaro? Rigar babba a jikin ɗan shekara biyar zarewa take yi. A tambaya ma ko suna karɓar yara, domin da yawa cikin otel-otel mafi tsada manya zalla suke sauka.

Sai zancen uwargida. A 2021 hukumomin Zanzibar sun gargaɗi baƙi a kan yawo da tsiraici cikin gari, har da tara, amma a cikin katangar otel al'adar Turai ce ke aiki. Mun leƙa wani babban otel mai kwami ƙato a tsakiya, da mashaya a cikin ruwan, mata da maza kwance ko'ina. Uwargida ta dube ni ta ce, “Malam, in nan ne, ni dai a ɗaki zan ƙare hutuna.” Gaskiyarta. Mace ta yi shekara tana ɗawainiyar gida, a kawo ta bakin teku, sannan ta zama mai gadin jakunkuna? A nan ne na ga inda tsada take da amfani. Akwai otel-otel masu gidaje ware, kowane da ɗakuna biyu ko uku, da tsakar gida mai katanga, da ƙaramin kwaminsa. A ciki mace za ta shiga ruwa da ƴaƴanta hankali kwance. Idan aljihu bai kai nan ba, a nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, a tabbatar an yarda mace ta shiga kwamin kowa da rigar iyo mai rufe jiki duka, sannan a riƙa fita bayan sallar asuba, lokacin da gaɓa ba kowa sai masunta. Gidan da ke da kwami kuwa a duba ƙofarsa tana kulluwa daga sama, inda hannun yaro ba ya kai.

Abinci ba shi da wuya. Naman da ke kasuwar tsibirin yankan Musulmi ne, amma manyan otel-otel suna shigo da naman alade don baƙinsu, suna kuma zuba giya a wasu miyoyi da kayan zaƙi, don haka a yi magana da shugaban masu dafuwa tun ranar farko. Akwai shinkafar pilau da biriyani, da kifi sabo, da miyar kwakwa, da ugali, wato tuwon masara, wanda yaron da ya ƙi komai zai karɓa. Tsarin nan na biya sau ɗaya, ci da sha da kwana duk a ciki, ban ba mai iyali irin namu shawararsa ba, domin kaso mai tsoka na kuɗin na giya ne, wadda ba za ka sha ba. Gara kwana da karin kumallo da abincin dare, rana a ci a waje. A kuma tambaya ko harajin da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙo kowane dare yana cikin farashin.

Akwai wata tambaya da ba a saba yi ba, ni kuwa ba zan iya barin ta ba. Ruwan da ke cika waɗannan kwamaye, yana shayar da korayen ciyayi, daga ina yake? Unguja ba ta da babban kogi. Abin dogaronta ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ruwan sama ke tarawa cikin dutse mai ramuka, yana kwance a bisa ruwan gishiri. Idan aka zuƙe shi fiye da kima, gishirin ya taso, rijiya ta lalace. Gabashin tsibirin, inda otel-otel suka yi jere, shi ne ɓangaren da ya fi ƙarancin ruwa. Bayan katanga, tafiyar ƴan mintoci, na ga mata da jarkoki a layin famfo. Wanda uwarsa ta ja guga ba zai ga wannan ya wuce ba. Wasu otel-otel suna tace ruwan teku, suna tara na sama, suna mai da na wanka ban-ruwan shuka. Wasu kuwa rijiyar burtsatse kawai suka zurfafa fiye da ta maƙwabta. Ka tambaya, ka tambayi kuma nawa ne cikin ma'aikatansu ƴan ƙauyen. Wanda ke da abin nunawa da murna zai kai ka ka gani.

Matan ƙauyukan nan su ne suka fi burge ni a duk tafiyar. Tun wajen 1989 suke noman wata ciyawar teku da suke kira mwani. Idan ruwa ya janye sai ka gan su zaune cikinsa da zannuwansu, sun kafa turaku sun ja igiyoyi layi-layi, kamar kunyoyin lambu a fadamun Matameye, suna ɗaure tsiron a jiki. Bayan wasu makonni su girbe, su shanya, ƴan kasuwa su saya da arha a fitar waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ake sa wa a man goge baki da kayan abinci. Ɗumamar ruwa tana kashe musu amfanin, ga ciwon baya da ƙunar gishiri. A Paje wasunsu sun haɗu suna yin sabulu da man shafawa da shi. A saya a hannunsu, kuma a hana yara tattaka igiyoyin, gonar mutane ce.

Kada a ƙare hutun duka a cikin katanga. Tsohon birnin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, ya samu ɗaukaka ne tun da Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya mai do fadarsa nan daga Maskat wajen 1840. Lunguna ne matsattsu, da ƙofofin katako masu sassaƙa, da kasuwar Darajani, da gasasshen kifi a lambun Forodhani bayan magariba. A gonakin Kizimbani yara za su ga bishiyar kanumfari, wannan da ake daka mana a yajin fura da kunu. Ƴata ta riƙe ɗanyensa, kore mai ratsin ja, ta ce, “Baba, ashe fure ne?” Toho ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi baƙi. A kudu, a Kizimkazi, akwai masallaci mai rubutun Kufi na shekarar 1107. A dajin Jozani akwai jan biri da ba a samun irinsa sai a Zanzibar.

Kanumfarin nan bayi ne suka noma shi. A Mkunazini, inda kasuwar bayi take har aka rufe ta a 1873, an gina majami'a, ana kuma shiga da baƙi wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa, matsattsu, marasa iska. Ƙananan yara a bar su a waje da mahaifiyarsu. Waɗanda suka fara hankali kuwa a shiga da su, a yi musu bayani, domin ƙasarmu ma ta san wannan ciniki, ayarin Damagaram ya bi Sahara da mutane zuwa Tarabulus.

Don a sami damar ganin waɗannan ba tare da an gajiyar da yara a mota ba, a raba kwanakin: mafi yawa a bakin teku, na ƙarshe a cikin birni. Daga Nungwi zuwa birnin tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce, daga Paje kamar sa'a guda. Babban asibitin tsibirin, Mnazi Mmoja, a birnin yake, don haka mai jariri ko mai ciki ya sa wannan tazara a lissafi, ya kuma tambayi otel ko suna da likitan da ake kira da dare. Filin jirgi kuwa bai fi tafiyar minti 20 daga tsohon birnin ba.