Lambobi biyu da na sa wa kwamfutar gida

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, da yawa daga cikinmu iyaye a nan Legas mun shiga Computer Village da ke Ikeja mun ɗauko tokumbo mun ajiye a falo, don yaro ya saba da latsa amsa kafin ranar ta zo. Ni ma haka na yi. Abin da ba mu cika taɓowa a majalisa ba shi ne, uba yana Mile 12 ko Alaba Rago tun asuba har bayan isha'i, uwa tana fama da ƙanana, kwamfutar kuma tana jone da intanet. Yaron da ya zauna neman darasi yana iya faɗawa shafin da ko babba ya gani sai ya kau da kai, sau da yawa ma ba da niyya ba, talla ce kawai za ta ɓullo masa.

Akwai wani gyara da ba ya cin ko kwabo, wato sauya DNS. Kwamfuta ba ta san shafi da suna ba, da lamba ta san shi, kamar yadda waya ba ta kiran "Alhaji mai albasa", lambarsa take kira. Duk sunan shafin da ka rubuta, sai kwamfutar ta fara tambayar wata na'ura can nesa ta ba ta lambarsa. Wannan tsari shi ne DNS, kuma tun 1983 ake amfani da shi. In ba ka taɓa komai ba, yawanci na'urar kamfanin layinka ce ke amsawa, ita kuwa ba ruwanta da wanda ke tambaya, ɗan shekara goma ne ko hamsin.

A 2020 kamfanin Cloudflare ya fitar da nasa DNS na iyali, kyauta. Lambobinsa 1.1.1.3 da 1.0.0.3. In aka tambaye shi shafin batsa ko shafin da aka sani yana baza cutar kwamfuta, sai ya ƙi ba da lambar gaskiya, shafin ya ƙi buɗewa. Shi ke nan aikinsa.

A Windows, danna maɓallin da ke da tambarin taga tare da harafin R, ka rubuta ncpa.cpl. Za ka ga hanyoyin da kwamfutar ke samun intanet. Danna wadda kake amfani da ita da ɓangaren dama na linzamin, ka zaɓi "Properties", sannan "Internet Protocol Version 4", ka sake danna "Properties". A ƙasa ka zaɓi "Use the following DNS server addresses", ka sa 1.1.1.3 a gurbin farko, 1.0.0.3 a na biyu. Na fi son wannan tsohuwar hanya domin tana nan a Windows 7 da 10 da 11, tokumbonmu kuwa kowace da irin nata.

Gurbi na biyun nan ne nake so a lura da shi. Masu gyara sun saba cika shi da 8.8.8.8, na Google, don shi suka haddace. Lafiyayye ne, amma ba ya tace komai, kuma duk sanda na farko ya yi jinkirin amsawa Windows na iya komawa wurinsa. Ka kulle ƙofar gaba ke nan ka bar ta baya a buɗe. Haka kuma saitin na bin hanya ɗaya ce kawai: in ka gyara ta Wi-Fi, yaro ya jona wayarsa da igiya, to wata sabuwar hanya ce, sai ita ma an gyara ta. Kuma a buɗe wa yara nasu asusun a kwamfutar, wanda ba shi da ikon sauya saiti, in ba haka ba duk ranar da suka gano sirrin minti biyu ya ishe su warware shi.

Wani maƙwabcina ya tambaye ni ko zai rage masa cin data. Ba ya ragewa, kuma ba ya mayar da layi mai rauni ya zama mai ƙarfi.

Ba ya kuma ganin abin da ke cikin shafi. Sunan gida yake dubawa, bai san abin da ake yi a ɗakunan ba, don haka duk abin da ke yawo cikin Facebook ko TikTok zai wuce. Wanda ya kunna VPN ya tsallake shi, wayar da ke da datar kanta kuma ba ta ma san da zamansa ba. Shi ya sa na kira babban ɗana na nuna masa abin da na sa da dalilina, na ce in shafin karatu ya ƙi buɗewa ya faɗa mini mu duba tare. Ƙannensa biyu, waɗanda wasan mota kawai suke nema, su ne na fi yi dominsu.