Wannan da Wancan a Bakin Mutanen Koriya

Mun daɗe muna yi wa ɗalibanmu faɗa a kan finafinan Koriya da ke cinye musu lokacin hutu. Da faɗan ya ƙi ci, sai muka ce bari mu leƙa harshen da kanmu. Muka samo ɗan littafin nahawu, muna dubawa a ofishin malamai bayan an tashi.

Kalmomin nuni ne suka fara tsayar da mu. Uku gare su: "i" ga abin da ke kusa da mai magana, "geu" ga na kusa da mai sauraro, "jeo" kuma ga wanda ya yi wa dukansu nisa. Sunan littafi "chaek", saboda haka "i chaek" shi ne na hannunmu, "geu chaek" na hannunka, "jeo chaek" kuwa wancan na kan kanta. Da "geu" ɗin kuma ake komawa ga abin da aka riga aka ambata, ko da ba ya wurin. Sai muka yi murmushi, gama mu ma muna da "nan" biyu da "can" biyu, karin sauti kaɗai ke raba su. Shekara nawa muna koyar da wannan rabin aji na hamma!

Wajen jam'i kam mun yi musu kishi. Mu da ke fama da gidaje, littattafai, tumaki da itatuwa, kowane da hanyarsa, su ɗafi ɗaya ya ishe su, wato "deul". Mutum "saram", mutane "saramdeul". Sau da yawa ma barinsa suke yi, musamman ga abin da ba mutum ba, ko in an faɗi adadi, kamar yadda muke cewa lemo uku. Har a jikin bayanau yakan maƙale: "ppallideul wa" na nufin ku zo da sauri.

To, da muka ji ba dole ba ne, sai muka ɗauka ko'ina haka yake. Wata safiya muka rubuta "i haksaeng" a allo, muna nufin waɗannan ɗalibai, don mu nuna musu mu ma mun iya. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, ai mutum ɗaya ka kira." Gaskiyarta. In kalmar nuni ta gabaci sunan mutum, rashin "deul" na nufin tilo ne. Muka miƙa mata alli, ta fito ta ƙara shi, ajin kuwa ya ɗauki tafi.