Ashe Irin Yana Cikin Rumbu

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin ƙarshe na firamare a ƙasar nan tamu ta Kamaru ya san halin da ake shiga idan lokacin rajistar jarrabawar CEP ya zo. A nan Tignère, hedkwatar gundumar Faro da Deo, babban aikin shi ne tattaro takardun haihuwar yara. Wani yaron an haife shi a ruga ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba, sai an je kotu an samo hukuncin da ke maye gurbin rajistar haihuwa. Wani kuwa takardarsa tana ƙasan adakar kakarsa, ba za a ba ka ita ba sai ka yi alkawarin mayarwa kafin magariba.

A watan Janairu na 2010 muna da yara 63 a wannan aji. Wata biyu muka yi muna bin iyaye, muna kwafe suna da ranar haihuwa da lambar takarda, muna shigarwa cikin kwamfutar makaranta, muna mayar wa kowa da abinsa. A nan ne muka yi kuskuren da har yau muke jin kunyarsa. Tun da muka sami kwamfuta muka raina babban littafin rajista, muka daina rubutawa da hannu. Saura kwana biyar a kai takardu ofishin sufeto, muna cikin aiki wuta ta ɗauke. Da ta dawo muka kunna na'ura, sai ta tsaya a kan baƙin allo da layi biyu na Faransanci, tana cewa wani fayil nata ya ɓace ko ya lalace. Muka kashe muka kunna har sau goma, ba ta canja magana ba. Ga shi rani ya yi, iyayen kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun bi shanu sun gangara neman ciyawa, da takardun a jakunkunansu.

Bari mu ɗan faɗi asalin wannan na'ura, domin irinta ce ta cika makarantu da ofisoshinmu. Ƙungiyar iyayen yara ce ta yi karo-karo ta saye ta a Ngaundere a 2008. Ta hannu ce, ta gama aiki a wani ofis a Turai, ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Babbar manhajar da ke cikinta, wato uwar da ke tafiyar da duk sauran ayyukan kwamfuta, ita ce Windows XP, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a watan Oktoba na 2001. A gefen akwatin akwai wata 'yar takarda manne mai ɗauke da haruffa da lambobi. Amma faifan asali, wanda ake sake girka manhajar da shi idan ta lalace, bai ƙetaro teku tare da ita ba. Mu kuma ranar saye ba mu san ana tambayarsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shawarar da kowa ya ba mu ɗaya ce: a ɗora ta a mota a kai Ngaundere a wanke ta. Da muka tambayi ma'anar wankin, aka ce ana share duk abin da ke cikin rumbunta ne a zuba sabo. Wato na'ura za ta tashi, sunayen yara 63 kuwa su tafi. Darakta ya dube mu, muka dubi ƙasa.

Da dare muka tuna da wani tsohon ɗalibinmu da aka ce yana gyaran waya da kwamfuta a babbar kasuwar Garwa. Gaskiya mun yi jinkirin kiransa. Yana cikin yaran da muka fara koyarwa bayan fitowarmu daga kwalejin horon malamai, lokacin muna ji da ƙuruciya da bulala. Ya maimaita aji, shifta kuwa kullum sifiri yake ci, kuma da hannunmu muka rubuta a katin sakamakonsa cewa ba ya ƙoƙari. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Muka karɓi lambarsa wajen yayarsa, muka sa kuɗi a waya, muka kira.

Bayan gaisuwa muka karanta masa abin da ke kan allo. Ya ce, "Malam, kada ku bari kowa ya wanke ta. Takardunku suna nan, ƙofa ce kawai ta lalace. Akwai ramin disket a gabanta?" Muka ce akwai. Ya ce, "To ku nemo disket ɗin tayar da Windows 98, gobe bayan la'asar ku kira ni."

Disket wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu, cikinsa bai wuce megabayit 1.44 ba, ko hoto ɗaya na wayoyin yanzu ba zai ɗauka ba. Ko a wancan lokaci an daina yayinsa. Muka zaga gari, har Allah ya haɗa mu da wani dattijo mai buga wa mutane wasiƙu da takardun ƙara kusa da kasuwa. Ya buɗe wani gwangwanin alewa ya ciro shi, ya ce tare da tsohuwar na'urarsa ya zo da shi daga Yola. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Washegari muka aro ɗan janareta wajen wani tela, domin ɗalibin namu ya gargaɗe mu cewa in wuta ta sake ɗaukewa ana tsakiyar aiki, to gyara ya koma ɓarna. Muka sayi zuwa-zuwa na sefa dubu biyu a bakin hanya. Muka tura disket muka kunna. Na'ura ta yi 'yan ƙararraki, sai ga baƙin allo, ba hoto ba kibiya, sai harafin A da ɗigo biyu da karkataccen layi da wani ɗan tsinke yana ƙyaftawa. Wannan shi ne layin umurni na DOS, tsohuwar manhajar da ta fito tun 1981. A nan linzami ba ya aiki. Abin da kake so sai ka rubuta shi harafi bayan harafi, in ka kuskure ɗigo ɗaya ta ce ba ta gane ba.

Nan take muka ci karo da abin da ba mu zata ba. Madannan na'urarmu na Faransa ne, waɗanda layinsu na sama ya fara da AZERTY, disket kuwa daga Nijeriya ya zo, yana lissafi da tsarin Ingilishi mai farawa da QWERTY. In muka danna A sai Q ya fito, in muka danna W sai Z. Ɗigo biyu ma muka neme shi muka rasa. Ɗalibinmu ya yi dariya kaɗan ya ce, "Malam, ku riƙe madannin manyan baƙaƙe ku danna M." Sai ga ɗigo biyu. Karkataccen layi kuma yana kan madannin tauraro, kusa da babban madannin shigarwa. Muka ɗauko alli muka zana wa kanmu jadawali a kan allon katako, kamar 'yan aji ɗaya.

Ya ce mu rubuta C: mu shigar, sa'an nan mu rubuta dir. Sai sunaye suka yi ta gangarowa. A nan ya yi hamdala, ya bayyana mana cewa mun ci sa'a an tsara rumbun da tsohon tsarin da ake kira FAT32. Da sabon tsarin NTFS ne, da DOS bai ga komai ba, sai dai a nemi wata dabara. Muka duba ba mu ga jakar da muka sa wa suna Examens 2010 ba, gabanmu ya faɗi. Ya ce mu nemi mai kama da ita, domin DOS ba ya riƙe suna da ya wuce haruffa takwas, guntule shi yake yi. Can muka hango EXAMEN~1. Muka shiga cikinta da umurnin cd, muka rubuta copy *.* D:\ domin kwashe duk abin da ke ciki zuwa ɗaya ɓangaren rumbun, muka kuma kwafi jerin sunayen a wani disket dabam. Da allo ya nuna adadin fayilolin da aka kwafa, darakta ya tashi ya fita waje, muka ji yana ta salati.

Saura tayar da na'urar kanta. Ɗalibinmu ya ce mu sake duba jerin nan, ko akwai jaka mai suna I386. Akwai ta. Ya ce, "Malam, faifan da kuke nema ke nan." Ashe masu haɗa irin waɗannan na'urori sukan kwafe fayilolin girka Windows su ajiye a cikin rumbun, a wannan jaka. Shekara biyu muna ganinta, har akwai ranar da muka yi niyyar share ta don ba mu san amfaninta ba. Kamar manomi ne ya zauna yana kukan rashin iri, alhali damin da mahaifinsa ya ware yana rataye cikin rumbu. Kuma ba satar fasaha a ciki, domin manhajar ta na'urar ce, takardar da ke manne a gefe ita ce shaidar an biya kuɗinta.

Muka rubuta cd \I386, sa'an nan winnt, muna danna Z domin W ya fito. Allo ya koma shuɗi. Ya tambayi inda fayilolin suke, muka tabbatar masa. Ya kuma yi gargaɗi cewa bai sami SmartDrive ba, wani ɗan shiri da ke hanzarta kwafi, wanda ba ya cikin disket ɗin dattijo. Muka ci gaba a haka, aikin da ya kamata ya ɗauki mintoci ya ci fiye da awa uku. Muka yi magariba da lisha a ofis, kunnenmu na kan janareta. Da ta gama ta nemi a cire disket, ta sake tashi da kanta. Inda ta tambaya ko a share rumbu ko a bar shi yadda yake, ɗalibinmu ya sa muka karanta masa layin sau biyu kafin ya yarda mu danna na a bar shi. Daga ƙarshe ta nemi haruffa 25 ɗin nan, biyar biyar gida biyar. Takardar ta koɗe, muka haska tocila muna gardama da darakta ko wannan B ne ko 8.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai ga koren tudu da shuɗin sama a kan allo, kai ka ce tuddan Adamawa ne a watan Agusta. Manhajar rubutu ta Word ba ta dawo ba, ita ma ba mu da faifanta, amma ɗan shirin WordPad da ke zuwa tare da Windows a wancan lokaci ya buɗe jerin. Sunaye 63, ba wanda ya ɓace. Muka kwana muna kwafe su da biro a cikin littafin rajistar da muka raina. Ranar da aka ɗiba muka kai takardu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda yaron nan ya koyar da mu. A daren mun yi kuskure ya fi sau ashirin, kuɗin wayarmu ya ƙare shi ya riƙa kira da nasa, amma ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ba kome Malam, ku sake rubutawa." Muka yi ta tunani ko mun taɓa faɗa masa wannan kalma lokacin da yake gaban allonmu da alli a hannu yana rawar jiki. Ba mu tuna ba. Yaron da muka yanke wa hukuncin ba ya iya shifta, shi ne ya yi mana shiftar da ɗigo ɗaya ba ya kuskurewa. Da muka yi masa godiya muka haɗa da neman gafara, sai ya ce, "Haba Malam, ai ku kuka koya mini baƙaƙen." Tun daga shekarar muka rataye bulala.

Yau zamani ya wuce wancan wuri. Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, da Windows 7 a Janairun 2020, da Windows 10 a Oktoban 2025. Sababbin na'urori ba su da ramin disket, da yawa ma ba su da na faifai. Tun daga Windows 8 ta 2012 lambar shaida takan zo a dashe cikin na'ura, kuma akwai hanyar mayar da manhaja sabuwa daga cikinta. Ana sauko da fayilolin girkawa daga intanet a zuba a filashi. Akwai kuma Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, tana kuma tayar da tsofaffin na'urori irin namu. Amma baƙin allon yana nan a bayan hotuna, kuma har gobe shi masu gyara ke komawa idan ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da shugabannin ƙungiyoyin iyaye. In za ku sayi kwamfuta ta hannu, ko wani ya kawo muku kyauta, ku tambayi yadda ake tayar da ita ranar da ta faɗi, ku kwafe lambar shaidarta a littafi. Duk abin da ya shafi makomar yaro ku ajiye shi wuri biyu, ɗaya a takarda. Kada ku yarda a wanke na'ura sai an fitar da abin da ke ciki. Sa'an nan yaron nan na bencin baya da ba ya iya shifta, a yi haƙuri da shi, a ce masa ya sake.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.