Sunayen da Ake Kira a Ƙarshen Zango na Uku

A makarantun gwamnati na ƙasar nan shekarar karatu takan ƙare ne a watan Yuli, damina ta yi tsaka, kuma inda hali ya yi akan rufe ta da bikin rabon kyaututtuka. A kafa rumfa a filin makaranta, a jera kujerun roba, a ɗauko hayar lasifika da janareto. A gayyato hakimi ko wakilinsa, da kansila, da sakataren ilimi, da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai. Wani ɗalibi ya buɗe taro da karatun Alƙur'ani, 'yan aji shida su yi muhawara, 'yan mata su yi gaɗa, sannan a zo wurin da kowa ya ƙagu a zo, wato kiran sunaye. Na daɗe cikin masu haɗa wannan jerin sunaye, tun ina malamin aji har aka sa ni a kwamitin da ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu ya kafa don zaɓo waɗanda za a karrama daga dukan firamaren da ke ƙarƙashinsa. Yawancin abin da na sani game da karramawa a ɗakin kwamitin nan na koye shi, inda ake ja-in-ja a kan sunan wa zai shiga, na wa zai fita.

Na ɗaya da na biyu da na uku ba sa ba kowa wahala. Maki ne, a tara, a jera, magana ta ƙare. Yaran sun cancanta, kuma ban taɓa goyon bayan a rage musu komai ba. Sai dai duk wanda ya koyar a firamaren gwamnati ya san sau da yawa fuskokin nan uku su ne dai tun daga aji ɗaya har aji shida: ɗan ma'aikacin da ya fara da nazire, da 'yar malamar da ake yi wa bita a gida bayan magariba. A ajin da yara suka haura ɗari, irin wanda na sha koyarwa, kyauta uku tana gaya wa sauran cewa ranar ba tasu ba ce. Ka ɗauke ido daga teburin manya ka dubi layin baya, za ka ga suna tafi don an ce su tafa, wasu ma tuni sun sulale ta karyayyar katanga.

Wani tsohon hedimasta ne ya fara karkato da mu. Ya shiga aikin koyarwa tun zamanin shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, ya riga ya yi ritaya, amma akan gayyato shi zaman kwamiti saboda ba ya tsoron kowa. Ya ce kafin a taɓa takardun jarrabawa a kawo masa rajistar kiran suna ta kowane aji. Yana so ya ga yaron da bai yi fashi ba ranar kasuwa, da wanda bai ɓace ba lokacin noman farko, sa'ad da azuzuwan ƙauye ke komawa rabi.

A cikin rajistar wani aji biyar muka ci karo da wata yarinya. Tun daga Satumba har Yuli babu ranar da aka sa mata alamar fashi, amma malamin ajin ya cika gefen sunanta da alamar latti. Nan kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce ba za a ɗaga mai makara a gaban yara ba, don gobe kowa sai ya ce ai makara ba laifi ba ce. Wata malama daga makarantar ta nemi izini ta yi magana. Ta dubi shugaban kwamiti ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan kafin ta iso makaranta ta riga ta zagaya unguwa biyu da bokitin koko. Sai ta sayar ta kai wa uwarta kuɗin sannan ta sa yunifom. Ni nake ganin ta tana shigowa da gudu, ƙafa duk taɓo." Aka ɗan yi shiru. Tsohon hedimastan ya ce to a ba ta, amma a faɗa wa jama'a dalili filla-filla, kada a ɓoye makarar, kada kuma a ɓoye kokon.

Haka aka yi. Da aka kira ta, uwarta ta rangaɗa guɗa daga can bayan rumfa inda mata suka tsaya. Bayan an tashi ta nemi malamar, ta ce mata, "Malama, wallahi niyyarmu wannan zangon shi ne na ƙarshe, babanta ya ce ta isa haka." Yarinyar ta dawo aji shida, ta gama, ta shiga ƙaramar sakandare. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar tana iya sa a rubuta sunan yarinya a rajista. Amma a gidan da ake lissafin cinikin koko kowace safiya, uba yana bukatar ya ga wata alama cewa zuwan nan da take yi wani ya lura da shi. Takardar yabo da jakar makaranta da dozin ɗin littafin rubutu su suka zame masa alamar.

Daga nan muka ƙara kyautar wanda ya fi kowa matsawa gaba, yaron da ya tashi daga ƙarshen aji ya dawo tsakiya. Ita ce ta fi ba mu wahala, domin tana bukatar a ajiye sakamakon zango na ɗaya da na biyu, kuma makarantu da yawa ba sa ajiyewa yadda ya kamata. A nan na gane cewa bikin Yuli tun Oktoba ake fara shi. Idan ba a rubuta komai ba cikin shekara, kwamiti da tunaninsa zai yi aiki, tunani kuwa abin da ya faru makon jiya yake riƙewa, da sunan wanda ya iya gaisuwa. Na koma ina yawo da ƙaramin littafi a aljihu duk makarantar da na je, ina rubuta abin da na gani da ranar da na gan shi.

Zaɓen gwarzon malami ya fi na yara zafi nesa ba kusa ba. Yadda muka tarar ana yi, hedimastoci ne ke aiko da sunaye. Wani ya aiko da mataimakinsa, wani ya aiko da wanda ya fi daɗewa, wani kuma ya mai da abin karɓa-karɓa, bana wane, baɗi wane, don a zauna lafiya. Ba na zargin su da mugunta, zaman ofishin malamai yana da wuya. Amma malamai sun san junansu sarai. Sun san mai shiga aji da mai zaman gindin bishiya, sun san mai sa hannu a littafin zuwa aiki ya hau babur ya tafi kabu-kabu. Ranar da aka kira sunan da bai dace ba, a tafin ma za ka ji. Ɓarnar ba a kan wanda aka ba take tsayawa ba, tana sauka ne a kan malamar da ta shekara tana cin ƙurar alli, ta koma gida ta gaya wa kanta ashe ba a gani.

Sai muka daina dogaro da wasiƙar hedimasta kaɗai. Mukan je makaranta ba sanarwa, mu ce yara su fito da littattafansu na rubutu. Ban san shaidar da ta kai littafin yaro gaskiya ba. Za ka ga kwanan wata, ka ga ko aikin yana bin juna ko akwai ramin mako uku, ka ga jan biro inda malami ya duba ya gyara, ko ka ga shafi bayan shafi an kwafe daga allo ba wanda ya leƙa. Sannan mu ɗauki yara daga tsakiyar aji, ba na gaba ba, mu ba su layi biyu su karanta. Ta wannan hanya muka gano wata malamar aji ɗaya a makarantar wani ƙauye da iska ta yaye wa rufin azuzuwa biyu. Yaranta a tabarma suke zaune. Ta yanka kwalayen sabulu da na taliya ta rubuta baƙaƙe da wasula a jiki, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yara suna haɗa ba da ba, ka da ka. Kafin ƙarshen shekara mafi yawansu suna karanta gajerun jimloli da Hausa. Ba a taɓa aiko da sunanta ba, domin ido kullum yana kan malaman aji shida, waɗanda sakamakon jarrabawar shiga sakandare ke fito da su. Alhali yaron da ya ci waccan jarrabawa a hannun irin wannan malama ya fara riƙe fensir.

Saƙon manya kuwa bai taɓa yankewa ba. Akwai shekarar da wani mai faɗa a ji ya aiko a sa ɗansa cikin ukun farko, tunda shi ya ɗauki nauyin rumfa da lemo. Shugaban kwamiti ya je har gida ya same shi, ya ce, "Alhaji, yaran ajin nan kowa ya san wanda ya zo na ɗaya. In muka kira ɗanka, shi za su yi wa dariya." Alhajin ya ji haushi, amma bai janye rumfarsa ba. Yara ba sa mantawa da irin wannan. Makarantar da ta murɗe kyauta a gabansu ta gama koya musu darasin da babu malamin tarbiyya da zai iya gogewa.

Abin da na fi alfahari da shi cikin duk abin da kwamitin nan ya yi shi ne shigar da waɗanda ba sa riƙe alli. Akwai masu shara, akwai matan da suka riƙa dafa wa 'yan ƙananan azuzuwa abinci bayan an fara shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya a 2016, akwai masu gadi. Wani dattijo mai gadi, a daren da aka yi ruwa da iska har rufin ofishin hedimasta ya tashi, shi kaɗai da tocila ya kwashe rajistoci da littattafan karatu ya kai ajin da ba ya yoyo, ya lulluɓe su da buhuna. Da safe bai gaya wa kowa ba, sai da hedimasta ya tambaya. Ranar biki aka kira cikakken sunansa a lasifika, bai motsa ba. Na je na dafa shi. Ya ɗago ya ce, "Malam, ni ake nufi?" Kowa a makarantar Baba yake ce masa, har malamai da yawa ranar suka fara jin sunansa na yanka. Ya karɓi yadin shaddarsa da hannu biyu, ya tsaya ya rasa ta inda zai koma, sai da yara suka kama shi suka raka shi.

Kusan kowace takardar yabo da ake bugawa rubutu ɗaya ne a jikinta: saboda ƙwazo da jajircewa. Wannan ba ya gaya wa kowa komai. Maroƙin da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan "mutumin kirki", sai ya ambaci abin da mutum ya yi da inda ya yi shi, shi ya sa kirarinsa ke ratsa jiki. Muka sa doka cewa duk wanda za a kira, sai an karanta jimla biyu ko uku na ainihin aikin da ya yi. Kwalayen sabulu, daren ruwa, bokitin koko. Kyautar kanta ba ta taka kara ta karya ba, agogon bango ne ko turmin atamfa ko filas ɗin shayi, abin da 'yan kasuwar gari da tsofaffin ɗalibai suka iya haɗawa, don mun hana a karɓi ko sisi daga hannun yara da sunan biki. Jimlolin nan ne mutane ke maimaitawa a majalisa bayan sati. Mun kuma dawo da kiran yara gaban jawabin manyan baƙi, saboda a watan Yuli hadari ba ya jiran kowa ya gama godiya ga gwamnati.

Akwai maganar da wani malami ya faɗa mini wadda ba ni da amsarta a lokacin. Ya riƙe takardarsa ya ce, "Malam, na gode, ta yi kyau. Amma ƙarin girmana ya maƙale shekara da shekaru, ita wannan za ta motsa shi?" Gaskiya ya faɗa. Malamin firamare albashinsa daga kuɗin ƙananan hukumomi yake fitowa, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma idan aka samu tsaiko shi ke fara ji a jikinsa. Kowace 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, gwamnatin tarayya takan raba wa zaɓaɓɓun malamai kyaututtuka a Abuja, har da motoci, abin a yaba ne, amma mutum nawa za su samu? Agogon bango ba ya biyan kuɗin haya, kuma ina jin zafin duk shugaban da ke amfani da biki don ya rufe bakin mai bin bashin haƙƙinsa. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai shekarun ritayar malami 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Mutum yana iya shafe wannan tsawon lokaci a buɗe fayil ɗinsa a tarar da takardun tuhuma da na canjin wurin aiki kawai, babu ko ɗaya da ke cewa ya taɓa yin abin kirki. Abin da ke cikin ikonmu shi muka yi. Muka roƙi sakataren ilimi ya riƙa sa hannu a wasiƙar yabo ta musamman, kwafi ɗaya ga malamin, ɗaya a fayil ɗinsa, ɗaya a tura hedikwata, domin ranar da za a zauna duba ƙarin girma a tarar da ita a ciki. Ya amince.

Canji na ƙarshe da na ga an yi kafin in bar kwamitin shi ne ɗauke bikin daga hedikwatar ƙaramar hukuma. A da iyayen yaran ƙauye ba sa zuwa, kuɗin mota ya fi ƙarfin kyautar, sai hedimasta ya karɓo a madadin yaro ya kai masa bayan hutu. Muka ce a riƙa zagayawa da shi mazaɓa-mazaɓa. Shekarar da ya faɗo a makarantar malamar nan mai kwalaye, motar sakataren ilimi ta kafe a taɓo, dole shi da baƙinsa suka ƙarasa da ƙafa, suka ga azuzuwan da ba rufi da idonsu. Dagaci ya sa an yi shela tun ana gobe biki, maza suka baro gona da wuri, kujerun haya suka kasa, aka shiga gidaje ana aro tabarmi. Kafin a dawo hutu a Satumba an kai kwano da katako an rufe azuzuwan biyu.