Hawan Kibo Da Tsohuwar Mota

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taɓa zuwa Jos ta hanyar Akwanga ta san Hawan Kibo. A nan ne hanya take barin kwari ta kama dutse, tana ta lanƙwasa, har ta kai mutum bisa tudun da Jos take, wajen ƙafa 4,000 sama da teku. Kowa yabon sanyin Jos yake yi, ba a faɗin zafin da ake sha kafin a same shi.

Cikin watan Maris na bi ta nan da tsohuwar akori-kurar gidanmu. Ni ke tuƙi, ƙanena na gefe, a baya kuwa ga buhunan doya, ga gwaggona da jikokinta biyu. Tun daga Gwantu rana ta take, sitiyari ma sai da ƙyalle yake kamuwa. Da muka iso Assop, inda ruwa ke zubowa daga dutse, sai muka tsaya inji ya huce sarai, sa'an nan muka ƙara wa lagireto ruwa, muka cika galan biyu.

To, abin da ke wahalar da tsohuwar mota a hawa shi ne inji yana aiki ninki biyu, amma motar tana rarrafe, iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce, ita ma mai zafi. Na sa giya biyu, idona na kan allurar zafi. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, taka mana, ga tanka a bayanmu!" Na ce, "Gwaggo, in na taka, a nan za mu kwana." Da allura ta doshi ja sai na ratse gefe, ƙanena ya yi maza ya sa wa taya weji, muka ɗaga bonet, muka bar inji yana yi a hankali har ya sauko. Murfin lagireto kuwa ba mai taɓa shi da zafi, domin tafasasshen ruwan a fuska yake sauka.

Amma fa gangarowa ta fi hawa haɗari. In direba ya dogara ga birki kaɗai, sai ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake saukowa da giyar da aka hau da ita. Ke da kike zaune a baya, in kin ji ƙaurin birki, ki yi magana, kada ki ce ba huruminki ba ne. Mu ne kuma masu cewa a ƙara ɗan ƙullin nan kaɗai, alhali kowane ƙulli birki ne zai riƙe shi a gangara.

Kafin mu kai Riyom iska ta sake, gwaggo tana cigiyar mayafi ta lulluɓe jikokinta.